Sigina a cike amma intanet na jan ƙafa: ya kuka yi da naku?

Mai Ɗakin Karatu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wani ɗakin karatu, rauta (na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi) ɗaya gare mu. Da safe komai lafiya lau, amma da zarar ɗalibai sun cika, shafi ma ba ya buɗewa, alhali sigina a cike take a kowace waya. Mun koma layi mai gudu, abin bai sauya ba. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya ba mu labari.

Injiniyan Sadarwa: Wa alaikumus salam Malam. Na sha haɗuwa da irinta. A wani ofis, ana tsaka da kukan intanet na jona kwamfuta da rautar ta igiyar waya, wato kebul, sai ga gudu cikakke. Nan na tabbatar layin ba shi da laifi, iskar ce ta cushe. Duk na'urorin da ke kan tasha guda ta Wi-Fi, wato zangon iskar da suke aika saƙo a kansa, karɓa-karɓa suke yi. Kowace takan saurara tukuna, in ta ji wata na aikawa ta dakata, in ta ji shiru ta ƙara ɗan jiran da ta zaɓa da ka, sannan ta aika. Kamar taron da babu shugaba ne, kowa na jiran gaɓar da zai sa baki. In biyu suka fara tare, saƙonninsu sun lalace. Kuma rediyon Wi-Fi da ke cikin na'ura ba ya jin wannan karon na saƙonni yayin da yake aikawa, sai ya ga ba a amsa masa ba ya gane, ya tsawaita jira ya sake. Sandunan sigina ƙarfin muryar rauta kawai suke nunawa, ba sa faɗin ko akwai sauran lokaci a tashar.

Maman Biyu: Ni kyamarar tsaro ce ta wahalar da mu. Tana can ƙarshen gini, siginarta rarrauna, ga shi ba ta daina tura bidiyo. Mai gyara ya ce na'urar da ke nesa takan sauko da gudunta, a tsohon tsarin Wi-Fi mai suna 802.11b har zuwa megabit 1 a daƙiƙa, don haka saƙon da wata za ta gama nan take, ita sai ta riƙe tashar tana ja kowa na jiranta. Da aka sa mata waya, gidan duka ya sarara.

Tsohon Hannu: Hajiya, maganarki ta tuna mini zamanin hub, akwatin da ke haɗa kwamfutoci ta waya duk a kan hanya guda. Akwai wata 'yar fitilar karo a jikinsa, in ofis ya ɗauki aiki sai ka ga tana ta ƙyaftawa. A waya dai na'ura tana jin karon nan take, ta tsaya, ta ninka zangon jira, in ta gwada sau 16 bai shiga ba ta haƙura da saƙon. Da muka sauya zuwa switch, akwatin da ke kai saƙo ga mai shi kaɗai, kowace kwamfuta ta samu hanyarta, karo ya ƙare. Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1971 ALOHAnet, tsarin haɗa kwamfutoci ta rediyo da Norman Abramson ya jagoranta, ta fara aiki a Jami'ar Hawaii, inda kowace tasha ke aikawa ba tare da saurare ba, kuma lissafi ya nuna kusan kashi 18 cikin ɗari na tashar kaɗai ke amfanuwa. Daga nan Robert Metcalfe ya ɗauki darasi ya tsara Ethernet, tsarin haɗa kwamfutoci ta waya, a 1973. Ina ganin duk mai koyon aikin nan ya kamata ya fara da wannan tarihin.

Ɗalibar Kwamfuta: Namu maƙwabta ne. Na duba da manhajar binciken Wi-Fi, sai na ga rautocin benen kusan duka sun taru a tasha 6. A zangon 2.4 GHz, tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa shiga juna. Na koma 11 ya ɗan yi sauƙi, amma sai da muka hau 5 GHz muka huta.

Mai Ɗakin Karatu: Allah ya saka da alheri. To Injiniya, in ƙara rauta ta biyu ke nan?

Injiniyan Sadarwa: Ka ƙara, amma ka jona ta da waya, ka ba ta tasha dabam, ka kuma nisanta su. Kada ka sayi na'urar maimaita sigina, domin a tasha guda takan karɓa ta sake aikawa, kowane saƙo ya ci lokaci sau biyu. Kwamfutocin da ba sa motsi duk ka sa musu waya. In da hali ka nemi mai Wi-Fi 6, tana iya yanka tashar ƙanana ta ba na'urori da yawa a lokaci guda, amma sai wayoyin ɗaliban su ma sun san tsarin.