Ƙarar taunar maigidana na neman raba ni da hankalina

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Tun ina ƙarama ba na jure ƙarar tauna, amma bayan aure abin ya ta'azzara. Maigidana mutumin kirki ne, sai dai da ya zauna yana tsotsar ƙashi ko yana kurɓar shayi, sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, in ji kamar in kifar da tiren. Janareta da injin markaɗen maƙwabta kuwa ko a jikina. Yanzu Hajiya mahaifiyarsa ta zo ta zauna da mu, ga ta da cin goro, ƙarus-ƙarus bayan kowace sallah. Da ta ɓare shi sai in nemi dalilin tashi, har ta fara cewa ƙyamarta nake yi. Ya zan yi?

Wata uwa: Ke 'yar nan, zaman aure ɗan haƙuri ne. Ki riƙe azkar safe da yamma, kuma kul kika bari Hajiya ta ga kin yamutsa fuska.

Wani ma'aikacin lafiya: Mama, addu'a dole ce, amma abin da take faɗa sananne ne a likitance. Misofoniya ake ce masa, sunan da wasu masana biyu, Pawel da Margaret Jastreboff, suka raɗa a 2001. A 2017 masu bincike a Jami'ar Newcastle da ke Ingila sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan larura, suka ga sashen da ke haɗa abin da aka ji da motsin rai yana zabura fiye da kima da zarar an kunna musu sautin tauna ko numfashi, har bugun zuciya ya ƙaru. Ke kuma mai tambaya, shi ya sa janareta bai dame ki ba, ba ƙarfin sautin ne ke tayar miki da hankali ba, irinsa ne. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana warkar da shi, amma zama da ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam yana rage wa mutane da dama. Ki fara da likitan kunne a duba ki. In kina kusa da Kaduna, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa.

Wata mai irin larurar: Wallahi kamar ni kika rubuta. Ni cingam ne, in mace ta fara ƙas-ƙas a adaidaita sahu sauka nake ko ban kai ba. A gida an ce tsirfa ce, an ce iyayi ne. Abin da ya taimake ni: lokacin cin abinci fanka na kunne, rediyo na yi ƙasa-ƙasa, kuma ba na zama ina kallon mai ci, nima ci nake, don taunata na danne tasa. Kada ki wuni da auduga a kunne, in kin cire komai sai ya fi damunki.

Wata yaya: Ƙanwata, ki sanar da maigidan, amma ba yana tsakiyar cin abinci ba. Ki bari sai yana cikin nishaɗi, ki ce masa larura ce tun ƙuruciya. Hajiya kuwa ba bakinki ba ne, shi zai yi mata bayani. Goron ma ki riƙa sayo mata da kanki, ki miƙa mata da ladabi, sannan ki tashi ɗora sanwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya, in ya ce shi bai taɓa jin irin wannan ciwon ba fa?

Wata yaya: Sai ki ce ya raka ki asibitin, ya ji daga bakin likita.