Saura kwana biyar a sallame ni, amma gabana sai faɗuwa yake

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaruna 63. Kwana 16 ke nan da aka yi min tiyatar sauya haɗin ƙugu na dama, daga asibiti aka wuce da ni cibiyar gashin ƙashi. Yanzu ina takawa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ina kai kaina banɗaki. Sun ce nan da kwana biyar zan tafi gida. Da na ƙosa in tafi, amma da maganar ta tabbata sai tsoro ya kama ni. Ɗakina a sama yake, matakala 14. Da rana kuma kowa na wurin aiki. In roƙi a ƙara min mako guda ne, ko in tafi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam Mama, sannu da jiki. Ba kalanda za ki duba ba, jikinki za ki tambaya. Kina iya tashi daga gado ba a ɗago ki ba? Kina iya sa tufafi ba ki sunkuya ba? Kin taɓa hawa matakala a gaban mai gashin ƙashi? In ba ki hau ba, gobe-goben nan ki ce a fara koya miki. Wajen hawa, lafiyayyar ƙafa ce gaba. Wajen sauka, mai ciwon ce gaba tare da sanda.

Sannan ki tambayi likitanki ta ina aka yanka wajen tiyatar, ta gaban ƙugun ko ta bayansa, domin dokokin sun bambanta. In ta baya ne, yawanci mako 6 zuwa 12 ba a so ki lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90, wato kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsayi in kina zaune. Ba harɗe ƙafa, ba tsuguno, ba kujerar da ake nutsewa a ciki. Maganin tsinka jini kuwa akan ci gaba da shi har kusan kwana 35 bayan irin wannan aikin, kada ki ajiye shi don kin ji sauƙi. In tsokar bayan ƙafarki ta kumbura tana zafi, ko ciwon ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya haura digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, a kira likita a ranar. Numfashi ya ɗauke ko ƙirji ya riƙe, wannan asibiti ne kai tsaye, ko da tsakar dare.

Wani da aka yi wa irin aikin bara: Yaya, ni ban ga amfanin ƙarin makon nan ba in dai kina takawa. A gida na fi samun barci, ƙarfina ma a can ya dawo. Abin da ya kusa kayar da ni ba matakala ba ce, ɗan kafet ne a bakin banɗaki, ƙarfe uku na dare. A kwashe su duka, a bar fitila kunne.

Wata da ta yi jinyar mahaifinta: Hajiya, a sauko miki da gado ƙasa kawai, benen ba gudu zai yi ba. A ƙara wa mazaunin masai tsayi, a sa kujerar wanka. Kuma ki yi hattara da tausayin 'ya'ya. Mu da hannunmu muka kusa nakasa Baba: ruwa a miƙa masa, waya a miƙa masa, ya yunƙura mu ce ya kwanta. Mako biyu ƙafar ta sage, sai da mai gashi ya yi mana tatas. Amma zaman ke kaɗai ɗin nan bai kwanta min ba. Makon farko dai a samu wanda zai wuni da ke.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yau na hau matakala huɗu na sauko, gumi sharkaf. Likita ya ce ta baya aka yi. Ƙanwata ta yarda za ta zo ta yi min kwana goma, gadon kuma jibi za a sauko da shi. Saura shiga mota, wannan ta yaya ake yi?

Ma'aikaciyar jinya: Gaba za ki zauna, Mama. A tura kujerar baya sosai, a ɗan kwantar da ita, a ɗora matashi mai tauri. Ki ba motar baya ki fara zama, sannan ki juyo da ƙafafu a hankali. Ki sha maganin ciwo kamar minti 30 kafin ku tashi.