Neman kalmar Hausa: me za mu kira "brilliant move" a wasan chess?

Jama'a masu buga chess, dan Allah ku matso kusa. Kullum yaranmu na turo hoton wasansu daga Chess.com suna cewa "na samu biriliyan", wato alamar nan ta !! da ake liƙa wa taku idan ya kai maƙura. Ni dai ina ganin ya kamata mu samu tamu kalmar, tunda sarki da sarauniya da doki duk da Hausa muke kiransu, me zai sa wannan ya gagare mu?

Shi "move" ɗin kansa ni taku nake cewa, kuma ya zauna daram don Bahaushe dama yana cewa wane ya iya taku. Rigimar tana kan ɗaya kalmar.

Wani ya ce takun gwaninta. Bai kai ba gaskiya, gwani ai duk takunsa na gwaninta ne, zai iya buga wasa sukutum bai yi kuskure ba kuma babu !! ko ɗaya a ciki. Wani kuma ya ce sadaukarwa, wannan ya fi kusa don yawanci sai ka ba da wani abu mai daraja, amma mutum zai iya sadaukar da sarauniya a banza a cinye ta a ci shi, wannan sunansa ganganci.

Kafin mu raɗa suna ku duba yadda abin yake a kan allo. A 1912 a birnin Breslau, Frank Marshall ɗan Amurka yana riƙe da baƙaƙen 'ya'yan wasa yana karawa da Levitsky, a taku na 23 kawai ya ɗauki sarauniyarsa ya dire ta a gidan g3 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa), gaban sojojin da ke gadin sarkin abokin karawarsa, inda za a iya cinye ta ta hanya uku. In sojan layin h ya ci, doki ya faɗo e2 wasa ya ƙare nan take. In sojan layin f ya ci, dokin ya ba sarki cak, wato hari kai tsaye, sarki ya matsa lungu, ruk (mai siffar hasumiya) ta sauko f1 ta gama aiki. In kuma sarauniya ce ta ci, dokin dai ya ba da cak sannan ya dawo ya cinye ta, a bar Marshall da rinjayen da babu gyara. Levitsky bai taɓa komai ba, miƙa wuya ya yi. Kun ga abin da ke ciki: taku ne da ido ke ƙi da ganin farko, hannu ma ba ya son ɗauka, amma in ka bi lissafin kowace ƙofa a rufe take.

Haka Bobby Fischer a 1956 a New York yana ɗan shekara 13, Donald Byrne ya kai wa sarauniyarsa hari, yaron bai gudu da ita ba sai ya ja bishop ɗinsa (mai tafiya a karkace) baya zuwa e6 ya bar ta a ci. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Byrne ya ci, daga nan fa cak ya dinga sauka ba ƙaƙƙautawa, a madadin sarauniya ɗaya Fischer ya kwashi ruk da bishop biyu da soja, ya gama da shi a taku na 41.

Shi ya sa na tsaya kan takun bajinta. Bajinta tana da kasada a cikinta kuma ba a kiranta bajinta sai an yi nasara, sannan ba abin kullum ba ce, ga ta da sauƙi a baki: "ya yi takun bajinta da doki". Alamar ! guda ɗaya mu ce taku mai kyau, ?? kuwa taɓargaza ce ba sai an yi dogon zama a kanta ba.

Masu tambayar yaya ake samo shi, ba a fita farautarsa fa, yaran da ke zubar da sarauniya don manhaja ta ba su !! wallahi suna ɓata wasansu ne kawai. Abin da za ka yi, duk lokacin da sarkin abokin wasanka ya rasa masu tsaro ko kayansa suka cunkushe waje ɗaya, tsaya ka duba kowane cak, kowane ci, kowace barazana, har wanda zuciyarka ta yi saurin cewa "wannan ai hauka ne". Shi ɗin za ka koma ka bi, in ya ci me zan yi, in ya ƙi ci fa, har sai ka ga ƙarshensa da idonka. In lissafin ya tsaya maka a rabi to bar shi, buga takunka na lafiya.

Dattawanmu masu kasa dara a gindin bishiya, musamman mutanen Sakkwato da Katsina da Maraɗi, idan mutum ya ba da ɗa ɗaya da gangan don ya kwashi biyu ko uku, akwai sunan da kuke kiran wannan? In akwai ku faɗa mana a ƙasa, don in ta dace ita za mu ɗauka.