Shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa a jikin mutum ɗaya: da wanne ake farawa idan a gida za a kula da shi?

Ɗalibar Jinya

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda ke kula da masu shaye-shaye ba tare da an kwantar da su ba, wato majinyaci yana gidansa, yana zuwa ana duba shi ko a bi shi har gida. Idan ya zo da abu biyu a haɗe, ga jarabar giya ko ƙwaya, ga kuma ciwon damuwa ko gane-gane da jiye-jiye, da wanne ake farawa? Sau da yawa sashen ƙwaƙwalwa kan ce sai ya daina sha tukuna, masu kula da shaye-shaye kuma su ce sai hankalinsa ya kwanta tukuna. A tsakanin ƙofofin nan biyu mutum yake ɓacewa. Sannan yaya ake gane ko shan ne ya jawo ciwon, ko ciwon ne ya kai shi ga shan? Kuma wane ne bai kamata a raba shi da sha a gida ba? Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla.

Likitan Ƙwaƙwalwa

Wa alaikumus salam, Malama. Ba a jiran ɗaya ya warke kafin a taɓa ɗayan. Ma'aikata guda ne za su riƙe duka biyun, da fayil ɗaya da tsarin magani ɗaya. Amma a ranar farko akwai abin da ke gaban su duka, shi ne abin da zai iya kashe mutumin a cikin makon nan.

Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko ya shirya yadda zai yi, ko abin da zai yi da shi yana hannunsa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. Wanda ke da shiri da kayan aikatawa ba na gida ba ne a ranar. Daga nan ki tambayi me yake sha, nawa a rana, yaushe ya sha na ƙarshe, da abin da ya same shi a baya da ya gwada dainawa.

Mutane sun fi tsoron daina hiroyin ko kodin saboda azabarsa, alhali dainawar da ta fi kisa ita ce ta giya da ta magungunan barci irin su diyazifam. Ga wanda jikinsa ya saba da giya, karkarwa da gumi da bugun zuciya kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Jijjiga takan zo cikin kwana biyun farko. Mummunar ruɗewa, mai zuwa da zazzaɓi da gane-gane, ta fi bayyana a kwana na biyu zuwa na huɗu, lokacin da 'yan gida suka fara sakin jiki. Don haka ba a raba mutum da giya a gida idan ya taɓa jijjiga ko ruɗewa wajen dainawa, ko yana da farfaɗiya, ko ciwon hanta mai tsanani, ko mace ce mai ciki, ko yana haɗa giyar da maganin barci, ko babu babban mutum mai hankali da zai kwana da shi.

Wanda ya cika sharaɗi, tsarin da aka saba shi ne diyazifam miligiram 10 har sau huɗu a rana, ana ragewa har a tsayar cikin mako guda, tare da bitamin B1 miligiram 100 kullum na aƙalla kwana 5. A duba shi kowace rana, a ba mai jinyarsa maganin kwana ɗaya kawai. Inda ake yin ɓarna shi ne a damƙa masa na mako guda, ya koma shan giya a kai, numfashi ya danne. Ko kuma a manta a tsayar, bayan wata uku ga sabuwar jaraba an ɗora masa.

Batun wanne ya jawo wanne, ki ɗauki takarda ki ja layi daga ƙuruciyarsa zuwa yau. A sama ki rubuta lokutan sha da lokutan da ya daina, a ƙasa lokutan ciwo. Idan damuwar ta riga shan, ko ta ci gaba a lokacin da ya yi wata guda ko fiye ba ya sha, ko akwai irinta a danginsa, to ciwo ne mai zaman kansa. Damuwar da giya ta haifar takan yi sauƙi sosai cikin mako 2 zuwa 4 da dainawa, shi ya sa idan ba mai tsanani ba ce ake ɗan dakatawa da maganin damuwa, ana auna shi da PHQ-9, wato takardar tambayoyin auna damuwa, duk bayan mako biyu. Dakatawa da ƙwayar magani nake nufi, zama da shi da tattaunawa kam tun ranar farko ne.

Gane-gane da jiye-jiye ba a jira da su. A yi magani nan take, a bar sanya wa ciwon suna zuwa gaba. Kuma kada a ce ai wiwi ce, zai wuce, a sallame shi. Wani babban bincike da aka yi a Denmark, aka buga a 2018, ya nuna kusan rabin waɗanda wiwi ta taɓa wa hankali daga baya an same su da sikizofireniya, wato ciwon gane-gane da jiye-jiye mai daɗewa, ko ciwon hawa da saukar yanayi. Irin wannan majinyaci bibiyarsa ta shekaru ce.

Mai Harhaɗa Magani

Likita ya yi gaskiya cewa daina hiroyin, kodin ko tiramadol ba kasafai yake kisa ba. Amma abin da ke biyo baya yana kisa, kuma a nan nake son Malama ta tsaya. Mutum ya yi kwana 10 bai sha ba, juriyar jikinsa ta sauka, ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashi ya tsaya. Shi ya sa makonni biyun farko bayan fitowa daga gidan yari ko gidan gyaran hali suke cikin mafi haɗari. Wanke jiki, wato raba jikin da ƙwayar, shi kaɗai ba magani ba ne ga wannan rukunin. Abin da ke rage mutuwa shi ne riƙe mutum a kan metadon ko bufrenofin, magungunan da ake bayarwa a madadin ƙwayar, na dogon lokaci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin jerin muhimman magunguna tun 2005.

Metadon ana farawa da miligiram 10 zuwa 30 a ranar farko. Yana daɗewa a jiki, yana taruwa, sai bayan kamar kwana 5 yake daidaita a jini. Wanda aka ƙara wa a rana ta biyu don ya ce bai ishe shi ba, a rana ta huɗu ake samunsa ba ya tashi daga barci. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, miligiram 5 zuwa 10 bayan 'yan kwanaki, yawanci har a kai tsakanin 60 da 120. Bufrenofin matsalarsa daban ce. Idan aka ba shi alhali ƙwayar baya tana aiki a jiki, zai ture ta ya jefa mutum cikin azabar dainawa nan take, kuma da wuya wannan majinyacin ya sake yarda da ku. A jira alamun dainawa su fito sarai, hamma da hawaye da majina da buɗewar ƙwayar ido, yawanci awa 12 ko fiye bayan shan ƙarshe, sannan a fara da miligiram 2 zuwa 4 a ƙarƙashin harshe. Naltirekson kuwa, maganin da ke toshe aikin ƙwayar a jiki, ba a fara shi sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu irin waɗannan ƙwayoyi a jiki.

Kowane gida a bar masa nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwayar ta danne wa numfashi, a koya wa 'yan gidan amfani da shi. Idan numfashi ya yi ƙasa sosai, mutum ba ya farkawa, ƙwayar ido ta tsuke, a ba shi, a maimaita bayan minti 2 zuwa 3 idan bai motsa ba, a nemi agajin gaggawa. Aikin nalokson bai wuce minti 30 zuwa 90 ba, metadon kuma ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, don haka farkawa ba ta nufin an tsira.

Haɗuwar magunguna ita ce babbar hujjar fayil ɗaya. Tiramadol da maganin damuwa irin su fuluoksetin suna iya haɗuwa su kawo jijjiga, ko zazzaɓi da ƙagewar jiki da ruɗewa. Metadon da haloferidol, maganin gane-gane, dukansu suna taɓa tsarin bugun zuciya, a yi gwajin zuciya kafin a haɗa su. Rifamfisin na tarin fuka da kabamazefin na farfaɗiya suna saukar da metadon a jini, mutum ya fara azaba a zarge shi da ƙarya. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da kilozafin da olanzafin, magungunan gane-gane, saboda haka wanda ya daina taba maganin zai hau a jininsa cikin 'yan kwanaki, dole a sake duba adadin. Mai shan litiyam, maganin hawa da saukar yanayi, da ke amai da gudawa wajen dainawa, ruwan jikinsa zai ragu, litiyam ya taru ya zama guba. Falfurowet kuma, maganin farfaɗiya da hawa da saukar yanayi, a kauce masa ga macen da za ta iya ɗaukar ciki.

Ma'aikaciyar Walwala

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan majinyacin bai dawo ba, kuma rashin dawowa shi ne abin da aka fi gani. Mai ciwon damuwa tashi daga shimfiɗa ma aiki ne a wurinsa. Mai jiye-jiye yana tsoron fita. Idan dokar wuri ita ce wanda ya saɓa alƙawari sau biyu a rufe fayil ɗinsa, to an gina tsarin ne don ya kori waɗanda suka fi buƙata. Wanda bai zo ba a kira shi a ranar, idan ba a same shi ba a je gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Tun ranar farko a karɓi izininsa a rubuce kan wanda za a tuntuɓa idan ya ɓace.

Ga masu tsananin ciwo akwai tsarin da aka fara a Madison ta Amurka a shekarun 1970, inda ma'aikata ke zuwa inda majinyaci yake, ma'aikaci ɗaya ga majinyata kusan 10, kuma kowa a ƙungiyar ya san kowane majinyaci. Ko ba a da hannun da zai kai haka, a ɗauki abu biyu daga ciki: mutum ɗaya sananne da ke riƙe da kowane majinyaci, da zaman mako-mako inda likita da ma'aikacin jinya da mu muke duba fayil tare.

Komawa sha ba dalilin kora ba ne. A zauna da shi a bi kwana uku kafin ya koma: barci ya lalace, ya daina shan magani, an yi rikici, ko kuɗi sun shigo hannu? Abin da aka gano shi za a rubuta a takardar shirin ko-ta-kwana, da alamunsa na farko da bakinsa, da wanda zai kira, da inda za a kai shi. Kwafi a hannunsa, kwafi a hannun 'yan gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wurin kwana ma magani ne. Tsarin da aka fara a New York a 1992 yana ba mutum ɗaki ba tare da sharaɗin sai ya daina sha ba, kuma an ga mutane sun fi zama daram a muhallinsu. Wanda bai san inda zai kwana ba, ba zai tuna ƙwayar dare ba.

'Yan gida a koya musu magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, da yaba ranar da bai sha ba, da daina rufa masa asiri wajen biyan bashin sha. Taron tsofaffin mashaya yana da amfani ƙwarai, amma a bincika tukuna. Akwai wuraren da ake ce wa mutum duk mai shan metadon ko maganin ƙwaƙwalwa bai daina ba, kuma wannan maganar ta sa mutane da yawa sun zubar da maganinsu.

Ɗalibar Jinya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, saura guda: idan ya ce shi bai shirya daina sha ba, a ci gaba da ba shi maganin ƙwaƙwalwar?

Likitan Ƙwaƙwalwa

A ci gaba, Malama. Hana shi maganin ba zai sa ya daina ba, ciwon ne zai tashi, shan ya ƙaru. Abin da ake canzawa shi ne zaɓin magani da yadda ake bayarwa. Ga mai gane-gane da ke manta ƙwaya, allura mai daɗewa ta duk mako 2 zuwa 4 ta fi, bayan an gwada irin maganin an ga jikinsa ya karɓa. Ga mai damuwa a guji amitiriftilin, domin idan aka sha da yawa yana tsayar da zuciya, kuma kafin a fara kowane maganin damuwa a tambaya ko ya taɓa yin kwanaki ba barci, ga zumuɗi da yawan magana da ɓarnar kuɗi, don maganin shi kaɗai yana iya tayar da wannan. Kada a rubuta masa diyazifam don fargaba ko rashin barci. A ba shi maganin ƙwaƙwalwar na mako ɗaya a lokaci guda. Mai shan giya kullum a gargaɗe shi kada ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai. A kowane zuwa kuma a tambaye shi abin da shan ke yi masa da abin da yake raba shi da shi, a bar shi ya faɗa da bakinsa, a rubuta adadin da ya sha a makon, a ba shi ranar dawowa kafin ya tashi.