Wai Jekyll na da sauƙi?

Ɗan Rikkos: Jama'a, duk wanda ya ce Jekyll, manhajar nan ta gina shafin intanet, na da sauƙi bai faɗi gaskiya ba. Fayil ɗin saiti ɗaya ne wai, _config.yml, amma ka ɗora bayananka a GitHub Pages, inda ake wallafa shafin, ya fito tsirara babu CSS mai ba shi ado, rubutun safe kuma ya ƙi fitowa.

Na Gangare: Sauƙi ga wa, Malam? Matsalarka saitin baseurl ne a _config.yml. In adireshin yana ƙarewa da /rubutu, sai ka sa baseurl: "/rubutu", url kuma ya tsaya a github.io. In ba haka ba, a tushen adireshi yake neman CSS, ba ya samu. Kuma jekyll serve, umarnin gwada shafin a kwamfutarka, ba ya sake karanta _config.yml, sai ka kashe ka kunna.

Hajiya Farin Gada: To ina sauƙin ke nan? YAML, tsarin da ake rubuta _config.yml da shi, ba ya karɓar Tab wajen shigar da layi, sai tazara. Tab ɗaya, gini ya tsaya.

Na Gangare: Hajiya, wannan ƙa'ida ce, ba wahala ba.

Ɗan Terminus: Ƙa'idar da ido ba ya gani? Ku koma Hugo, kishiyar Jekyll. A hugo.toml baseURL ɗaya ne, cikakken adireshi, shi ke nan.

Na Gangare: Kai dai kowace magana sai ka kawo Hugo. Batun rubutun safe kuwa, injin GitHub da agogon UTC yake aiki, mu muna gaba da awa 1. Ka sa wa rubutu 09:00 ka tura 09:05, a wurinsa 08:05 ne, lokaci bai yi ba, sai ya ɓoye shi. Sa timezone: Africa/Lagos. Hugo ɗin naka ma yana ɓoye rubutun da lokacinsa bai yi ba.

Hajiya Farin Gada: Legas kuma? Tun 1991 Abuja ce babban birni.

Ɗan Terminus: Babu Africa/Abuja a jerin yankunan lokaci, Hajiya. Birni mafi yawan jama'a suke ɗauka.

Hajiya Farin Gada: Da yawan jama'a ne ai da Kano aka sa.

Na Gangare: Jiha kike nufi ko birni?

Ɗan Rikkos: Jama'a, CSS ɗin fa?

Ɗan Terminus: A taƙaice dai, an yarda Jekyll ba shi da sauƙi, Hugo ne mafita. Maganar Kano a bar ta zuwa bayan la'asar.

Na Gangare: Wa ya yarda?