Shawarwari kan kyanwar da ta daina amfani da akwatin yashinta (inda take fitsari da kashi) bayan an yi haihuwa a gida

Abin da masu kiwon kyanwa suka fi haɗuwa a kai shi ne a fara kai ta wurin likitan dabbobi, domin damuwa kan janyo mata kumburin mafitsara, kuma zafin fitsarin ne yake sa ta ƙi akwatin. Idan muzuru ne yake yunƙuri fitsari bai fito ba, kada a jira gobe, domin toshewar mafitsara tana iya kashe shi.

Bayan haka sai batun akwatin. Kyanwa ɗaya a ajiye mata akwati 2, nesa da kukan jariri da kaiwa da komowar masu barka, a kwashe ƙazantar da ke cikin yashin kullum, kuma kada a canja irin wanda ta saba da shi. Inda ta ɓata, a wanke da maganin da ke narkar da warin fitsari, a guji mai amoniya, saboda warinsa irin na fitsari ne, yana jawo ta komawa wurin.

Duka da tsawa kuwa tsoro kawai suke ƙara mata. Gara a kiyaye lokacin abincinta, a ware mata wuri mai tsayi na ɓuya, a bar ta ta shinshina zanen jaririn a hankali.