Ciyaman ya ba ni fili da alƙawarin yafe haraji in na kai injin casata gida, wa ya taɓa gwadawa?

Abu Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Shekara shida ina casar shinkafa a shagon haya cikin birni, yanzu na tara abin da zan gina wurina. Ƙaramar hukumarmu ta yanka filaye a bayan sabuwar kasuwa, wai na masu ƙananan masana'antu. Na je sakatariya, ciyaman da bakinsa ya ce za a ba ni fuloti biyu a kan dubu 800, da takardar ƙaramar hukuma, kuma shekara biyu ba mai tambayata kuɗin shago ko harajin gini. Hanyar wurin burji ce, kilomita 4 zuwa kwalta, ya ce tana cikin kasafin bana. A gefe guda akwai fuloti ɗaya a bakin birni mai satifiket ɗin gwamna, ga wuta ga kwalta, amma miliyan 6. In na saye shi, gini sai baɗi. Takardar ƙaramar hukuma tana riƙe mutum? Wanda aka taɓa yi wa alƙawarin yafe haraji, an cika masa?

Ɗan Kura:
Wa alaikumus salam. Malam, wane irin inji gare ka tukuna? In ba mai fitar da tsakuwa ba ne, ko a ina ka kafa shi mutane ba za su kawo maka shanshera ba. Nan wajenmu yanzu kowa ya koma mai tacewa da gogewa. Ka fara canza inji kafin maganar fili.

Baban Walid:
Ƙanina, zauna ka ji nawa. Ni aka yi wa wannan alƙawarin sak, sai dai ni injin matsar gyaɗa ne. Ciyaman ya kira mu mu tara, har da cin abinci a ofishinsa, ya ce a zo a raya gari. Na sayar da gonar da na gada da shanu biyu, na yi katanga, na gina rumfar inji da ɗakin ajiya, na haƙa rijiya. Shekarar farko lafiya ƙalau, ba wanda ya zo. Wa'adinsa na cika aka naɗa kantoma. Wata biyu ba a yi ba sai ga 'yan rebenu da rasit, suna neman na bana da na bara. Na ce ai an yafe mana. Suka ce ina takarda? Babu. Na je sakatariya, aka duba littafin zaman majalisa, ba a taɓa kai maganar gaban kansiloli ba. Magana ce ta baki, ta tafi da mai ita. Wannan ma mai sauƙi ne. Shekara ta uku gwamnatin jiha ta ce yankin ya shiga cikin birni, za a yi sabon tsari, titi zai ratsa ta tsakiyar filina. Suka shafa jan fenti. Da aka zo biyan diyya, sun ƙirga bulo da kwano da bishiyar darbejiya biyu, ƙasar kuwa ko kwabo. Abin da na karɓa bai kai rabin abin da na kashe ba, kuma sai da na yi wata goma sha huɗu ina sintiri. Injin yana nan a zauren wana, ya yi tsatsa. Yarana uku na cire daga makarantar kuɗi a shekarar. Har yau in na bi ta titin nan sai na kau da kai.

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah Ya mayar maka da alheri, Baban Walid. Amma dubu 800 fuloti biyu? Mu a wajenmu miliyan ɗaya da rabi aka ce wa mijina, fuloti ɗaya, kuma na ƙaramar hukuma ne shi ma.

Sani Dillali:
Hajiya an dai ɗora muku la'ada. Irin wannan filin dubu 300 ne a takarda, sauran na masu sa hannu ne. Shi ma Abu Sadik tsada aka ba shi. Na birnin kuwa miliyan 6 da satifiket? Ko dai akwai rigimar gado a kai, ko satifiket ɗin na bogi ne. Ƙasa da miliyan 10 ba ka samu.

Barista A.:
Bari in ɗan gyara wani abu. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Ƙaramar hukuma tana da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya, amma a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, kuma gwamna ne ke ayyanawa. Saboda haka abu na farko, Malam Abu Sadik, ka je ma'aikatar filaye ta jiha ka tambaya ko wurin yana cikin yankin birni. In yana ciki, takardar ciyaman ba ta da tushe. Abin da ya sami Baban Walid kuwa, ko mai satifiket ɗin gwamna zai iya samunsa, domin dokar ta yarda a karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar ta abin da ka ɗora a kan ƙasa ce: gini, amfanin gona, da makamantansu. Bambancin shi ne mai satifiket yana cikin rajistar jiha, da wuya a yi tsari a manta da shi, kuma banki na karɓarsa jingina. Maganar haraji, kuɗin shago da na gini hakkin ƙaramar hukuma ne, tana iya yafewa, amma ka nemi a rubuce da amincewar majalisa. Harajin jiha da na tarayya ba ruwan ciyaman da su.

Baban Walid:
Barista, da girmamawa, ku a littafi kuke gani. Maƙwabcina yana da takarda mai hatimi da sa hannun sakatare, tare aka rushe mu.

Barista A.:
Yaya, ai abin da na faɗa ke nan. Hatimin sakatare ba ya hana jiha yin titi. Ban ce takarda laya ba ce.

Alhaji Mai Buhu:
Ku bar yaron nan ya ji daga waɗanda suka yi nasara ma. Shekara 11 ina kan filin ƙaramar hukuma, ba wanda ya taɓa ni. Sirrin shi ne dagaci da hakimi su san da kai, ka ɗauki 'ya'yan gari aiki. Ni ban taɓa ganin lauya ba.

Ɗan Kura:
Ranka ya daɗe Alhaji, kai ai surukin hakimi ne, wa zai taɓa ka? Mu da surukanmu ke sayar da goro fa? 😂

Sani Dillali:
To Abu Sadik, mafita ta samu. Ka bar maganar fili, ka nemi auren 'yar hakimi. Ni zan yi dillanci.

Maman Ilham:
Ku daina wasa, mutum zai zuba dukiyarsa ne. Ni abin da ya fi damuna hanyar. "Tana cikin kasafi" ɗin nan mun sha jin ta. Tamu sau uku ana kawo gireda a kankare, damina ta wanke. Kwalbati ɗaya ya hana mota shiga unguwarmu tun bara. Babbar mota ɗauke da shanshera ba za ta bi burji a watan Agusta ba.

Malam Habu Ticha:
Da wane kuɗi ciyaman zai yi kwalta? Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, ta kuma ce kada a ba kantomomi kuɗin. Ku tambayi ma'aikatan sakatariyarku ko sun gani a ƙasa. Mu malaman firamare mun san yadda albashi ke zuwa. Ciyaman da sai ya nemi izini kafin ya gyara rufin aji, shi ne zai yi kilomita 4?

Alhaji Mai Buhu:
Hanya ma da sauƙi. Wuta fa? Taransifomarmu ta ƙone, mu masu inji bakwai muka haɗa kuɗi muka sayi wata, da aka kafa sai aka ce ta zama ta kamfani. Ƙaramar hukuma ko turke ba ta ba mu ba.

Ɗan Kura:
Mu sau biyu muka saya. Ga wanda aka sa a layin Band A, wato layin da aka ce ya fi samun wuta, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 bai huta ba, ko da an ɗan rage daga baya. Wanda ba ya layin kuma ba wuta, sai gas. Ni yanzu na fara ƙona ɓuntu wajen turara shinkafa, itace ya gagara.

Abu Sadik:
Na gode jama'a, Allah Ya saka. Gobe zan je ma'aikatar filaye kamar yadda Barista ya ce. Amma har yanzu ban ji wanda aka ba takardar yafe haraji a rubuce ba. Akwai?

Alhaji Mai Buhu:
Ɗan Kura, taransifomarku mai ƙarfin KVA nawa ce, kuma nawa kuka saye ta? Mu ana ce mana ta sake yin ɗigon mai.